Ɓarawon Batir Ɗin Motata

Duk wanda ya taɓa zura mabuɗi a mota da sassafe, ya murɗa, ya ji ta yi ƙet-ƙet-ƙet sa'an nan ta yi tsit, to, ya san irin faɗuwar gaban da zan ba da labarinta a wannan mako. Ni dai na ɗanɗani wannan ɗaci kusan wata biyu cikin damunar 2024, kuma kafin in kama bakin zaren sai da na yi asarar kuɗi masu kauri, na ci mutuncin wani dattijo wanda a haife ya haife ni, na kuma ga wani dare wanda ba na fatan Allah ya maimaita mini irinsa.

Ina zaune ne a wani gidan haya a Agege, cikin Ikko. Mu shida ne masu iyali a gidan, motoci uku, tsakar gidan kuwa ƙunci gare ta kamar zirin hanya. Saboda haka motocin a jere suke kwana, wata bayan wata, kuma tun kafin in tare aka yi al'adar barin mabuɗai a hannun maigadi, don in na ciki zai yi sammako kada a tashi kowa daga barci. Maigadin namu wani dattijo ne mutumin ƙasar Nijar, kowa Baba yake ce masa, kuma shi ke wanke mana motocin ran Asabar. Tawa motar tsohuwa ce 'yar Kwatano, mai giya otomatik. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na rage mata yawo: daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa gida, in na dawo daga masallacin Jumma'a kuwa sai in ajiye ta, ba na sake taɓa ta sai Litinin da safe.

To, a irin wannan Litinin ɗin ne, 'yan kwanaki bayan Babbar Salla, ta fara yi mini tawaye. Maƙwabcina ya kawo wayoyi muka haɗa da batir ɗin motarsa, ta tashi, na ce tsautsayi ne. Talata ta tashi lafiya, Laraba lafiya, har Jumma'a. Da Litinin ta kewayo sai ga jiya ta dawo yau. Na kai ta wurin wani bakanike, ya buɗe bonet, ya sa aka tayar da injin, ya cire kan batir ɗaya alhali injin yana aiki. Da ya ga motar ba ta mutu ba sai ya tafa hannu ya ce altaneta lafiyarta lau, batir ne ya gama aiki. Ban yi musu ba, domin batir ɗin ya kai shekara biyu. Na runtse ido na sayi sabo, mai lamba 62, da kuɗin da na yi niyyar biyan wani bashi da su.

Litinin ta farko sabon batir ya ta da mota, amma daga baya na tuna cewa a wannan makon na je ɗaurin aure ran Asabar da ita. Litinin ta biyu kuwa, ƙet-ƙet-ƙet. Na ɗauki batir na mayar wa mai shago ina huci. Ya sa a caji, ya auna, ya ce kayansa ba su da laifi, in je in nemi abin da ke shan wuta a motata. Na ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce ta guje wa canji. Ashe shi kaɗai ne ya faɗa mini gaskiya a duk tsawon wannan lokaci.

A nan ne shaiɗan ya sami ƙofa. Uwargida ta ce ita fa tana jin kamar muryar rediyo daga wajen ƙofa da tsakar dare. Wani maƙwabci kuma ya ce ya taɓa ganin Baba zaune cikin motata ran Asabar bayan ya gama wanki. Na kuma tuna cewa ƙaramar rediyon Baba, wadda yake jin labarun duniya da ita, ta lalace tun kafin Salla. Sai na haɗa uku ɗin nan na ƙulla: ran Asabar da Lahadi mabuɗi na hannunsa, mota ba ta motsi, shi kuwa yana kwana yana shan rediyo, watakila ma yana yi wa 'yan uwansa masu gadi cajin waya. Abin kunya a nan shi ne, aikin jarida nake yi. A makaranta an koya mana cewa ba a buga zargi sai an tabbatar, kuma ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin wanda ake zargi. Na sha mayar wa ƙananan ma'aikata da labari a ɗakin labarai saboda wannan dalili. Amma da abin ya zo kan aljihuna, sai na karɓi "ina jin kamar" da "na taɓa gani" a matsayin shaidu biyu adalai.

Ran Litinin ta gaba, da motar ta sake ƙin tashi, ga shi ina da taron editoci ƙarfe tara, sai na kira Baba a gaban matan gida da yara masu shirin makaranta. Ba zan maimaita abin da na faɗa ba. Ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Sai ya sa hannu a aljihu, ya zaro mabuɗin, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Malam, ga amanarka. Allah ya bayyana gaskiya." Ya juya ya koma kan bencinsa.

Wannan makon mabuɗi a ƙarƙashin matashina ya kwana. Litinin ta zo, mota ta ƙi tashi. Mai hankali da nan ya farga. Ni kuwa sai na ce ai Baba ya riga ya kashe batir ɗin ne, ɓarnar da ya yi ce ke bin mu. Mutum in ya riga ya yi rantsuwa a gaban jama'a, ko gaskiya ta tsaya a gabansa sai ya nemi hanyar kewaye ta.

Daren Lahadin da ya biyo baya, wajen ƙarfe biyu, 'yata mai shekara uku ta tashi da zazzaɓi mai zafi, jikinta kamar garwashi, idanunta suna juyewa. Na saɓe ta na fita, uwarta na biye da mayafi a hannu. Na murɗa mabuɗi. Ko fitilun gaban direba da ƙyar suka yi ja-ja suka mutu. Mota mai otomatik kuwa ba a tura ta ta tashi, maƙwabcin nan mai wayoyi kuma ya yi tafiya. Ina tsaye na rasa abin yi, sai na ji an buɗe ƙofar gida. Baba ne ya fita cikin yayyafi, ba tare da na ce masa komi ba. Bai fi minti goma ba ya dawo da wani mai Keke Napep na bayan layinmu, wanda ya buga wa ƙofa har ya tashe shi. Zazzaɓin cizon sauro ne, kuma Allah ya sa mun isa asibiti da wuri. Kwana biyu aka sallame mu.

Direban da ke kai mana jarida tasha shi ne ya ji labarin ya ce, "Yallaɓai, ka bar bakanike, wannan aikin mai waya ne." Ya kwatanta mini rumfar wani mai gyaran wayoyin mota, irin waɗanda ake kira riwaya. Bayarabe ne mai furfura, haifaffen Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar ta jakin Kano. Yaransa Oga suke ce masa, ni ma na bi sahu.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bai taɓa motar ba sai da ya yi mini tambayoyi, kamar likita. Wace rana take mutuwa? Awa nawa take tsaye kafin nan? Yaushe abin ya fara? Na sa mata wani sabon abu, ko rediyo, ko ƙararrawar ɓarayi, ko na'urar bin sawu? Da na ce masa Litinin kaɗai take yi, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Malam, randarka ce ke yoyo. Wanda ke zuba ruwa kullum ba ya gane randa na yoyo, sai ran da ya yi tafiya ya dawo." Ya ce abu uku ne ke sa a wayi gari batir ba wuta: ko randar ce ta tsufa ba ta riƙe ruwa, ko mai ɗebo ruwan ne ba ya cika ta, watau altaneta, ko kuwa akwai inda ruwan ke zurarewa. Kowanne kuma da yadda ake auna shi, ba a yin duba.

Ya sa na bar motar ta kwana, aka cire batir aka yi masa caji sosai. Washegari ya ɗauko wata 'yar mita mai wayoyi biyu, ja da baƙa, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Ya goge saman batir ɗin tas, domin a cewarsa datti mai laima da ke taruwa tsakanin kawunan biyu shi ma yakan ja wuta kaɗan-kaɗan. Ya auna, mita ta nuna bolt 12.5. Ya ce batir mai lafiya da ya cika ya huta yakan nuna wajen 12.6, domin ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne da bolt 2.1, in ya sauka 12.2 to rabi ya tafi, in ya yi ƙasa da 12 kuwa saura ƙiris. Aka mayar da shi, aka tayar da injin, mita ta hau 14.1. Ya ce tsakanin 13.8 da 14.4 ake so, saboda haka altaneta ta fita daga zargi. Na ba shi labarin yadda bakanike ya gwada ta. Ya riƙe baki. Ya ce wannan dabarar zamanin motocin da ba su da ƙwaƙwalwa ce. A motar yanzu, cire kan batir injin na aiki yana iya sa wuta ta yi tsalle ta ƙone kwamfutar motar, kuma ko motar ba ta mutu ba wannan bai nuna altaneta na cika batir yadda ya kamata ba.

Saura na uku. Ya kashe mota, ya zare mabuɗi, ya buɗe ƙofar direba ya danna maƙullinta da sukudireba don motar ta ɗauka a rufe take. Ya kwance kan batir na baƙar waya, ya juya mitar zuwa ma'aunin am, ya sa wayarta ɗaya a kan batir, ɗaya a wayar da ya cire, ta yadda duk wutar da za ta fita daga batir sai ta ratsa ta cikin mita, kamar shingen kwastan. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in murɗa mabuɗi a wannan hali, domin mitar am 10 kawai take ɗauka, abin ta da injin kuwa ɗaruruwa yake ja. Sa'an nan ya ja benci ya zauna, ya aiki yaro ya sayo mana gasasshiyar masara.

Na ƙosa. Na ce, "Oga, ga lamba nan ta fito, me muke jira?" Ya ce mota ba ta yin barci da zarar an kashe ta, kamar yaro ce, sai ta yi juye-juye. Na'urorin cikinta sukan ɗauki minti ashirin, wasu rabin awa, wasu sababbi har fiye, kafin su kwanta, kuma wanda ya yi gaggawar karanta mita zai kama marar laifi. Wannan magana ta soke ni, amma ban nuna ba. Bayan rabin awa muka duba: 0.85. Ya ce motar da ta yi barci ba ta wuce 0.05, abin da agogo da ƙwaƙwalwar rediyo da makullin nesa ke lasa ke nan. Tawa tana shan ninki goma sha bakwai na wannan.

Ya ɗauki tsinke ya yi mini lissafi a ƙasa. Lamba 62 da ke jikin batir ma'anarta, a taƙaice, zai iya ba da am ɗaya har tsawon awa 62. Daga dare zuwa safiya, awa goma, ɓarawon zai sha am takwas da rabi. Batir bai ji komi ba, kuma tafiyar ofis za ta mayar da mafi yawa. Amma daga ƙarfe uku na Jumma'a zuwa bakwai na safiyar Litinin awa 64 ne. In ka buga da 0.85 za ka sami wajen 54. Cikin 62 ke nan, in ma batir ɗin a cike yake ran Jumma'a, alhali kuwa motar da ke rarrafe cikin cunkoson Ikko da fitilu da na'urar sanyi a kunne ba safai take cika shi ba. Ga asirin Litinin, a rubuce a ƙasa, lissafin ɗan firamare.

Daga nan sai farauta. Yaronsa ya durƙusa wajen akwatin fis da ke ƙarƙashin sitiyari, yana zare su ɗaya bayan ɗaya, yana mayarwa, Oga kuwa idonsa na kan mita. Yana jira yana ba ni labarin ɓarayin da ya sha kamawa a wannan aiki: na'urar bin sawu da aka ɗaura ta hanyar ganganci, amsa-kuwwar kiɗa da samari ke sawa a but, ramin cajin waya wanda ba ya mutuwa ko an zare mabuɗi, da wani ɗan makunni mai suna rile wanda kan maƙale a kunne. Ya ce mafi wayo a cikinsu yana cikin altaneta kanta. Akwai wasu 'yan ƙofofi a ciki, dayod, waɗanda ke barin wuta ta wuce zuwa batir amma ba sa barin ta komo. In ɗaya ta lalace sai wuta ta riƙa komawa da dare, kuma ko ka zare fis ɗin cikin mota duka ba za ka gan shi ba, sai ka cire babbar wayar altaneta.

A fis na goma sha ɗaya mita ta faɗo 0.03. Oga ya duba murfin akwatin ya ce wannan layin shi ke ba fitilun cikin mota wuta, da agogo, da ƙwaƙwalwar rediyo. Da na ji kalmar rediyo sai wani abu ya motsa a zuciyata, kai ka ce farin ciki ne. Har a wannan lokaci ina neman abin da zai wanke ni. Oga bai ko kula ba. Ya mayar da fis, ya duba fitilar rufi, a kashe. Ya cire ƙwan da ke cikin aljihun gaban mota, mita ba ta motsa ba. Sai ya ce in ba shi wayata. Ya kunna ɗaukar bidiyo, ya ajiye ta cikin but, ya rufe, ya ƙirga goma, ya buɗe. Muka haɗa kai muka kalla. Murfi ya sauko, ya rufe, amma duhu bai zo ba. Ga tayar safaya, ga tsumma, ga jarkar ruwa, fes cikin haske.

Ya taɓa murfin fitilar ya janye hannu, robar har ta yi ja ta fara narkewa. Ƙwai ne mai wat 10, wanda bai kai ɗan yatsa ba. Wat 10 a kan bolt 12 kuwa shi ne am 0.8 da 'yan kai. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Ya bi gefen but ɗin da yatsa har ya kai ga wani ɗan maɓalli wanda murfin ke dannewa in an rufe, shi ke kashe fitilar. Ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe ya yi ƙasa, murfin ba ya kai masa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, wane kaya ka danna a nan?"

Sai a lokacin na tuna. Bayan Salla mahaifiyata ta aiko mini da buhun shinkafa da na albasa ta hannun wani direban babbar mota, na je kasuwar Mile 12 na karɓa. But bai ɗauke su ba, masu dako suka ce a ɗaure da igiya, ni kuwa na ce ba zan ratsa gari da but a buɗe kamar motar haya ba. Na hau kan murfin da gwiwa na danna har ya rufe. Da filaya Oga ya miƙe ƙarfen, aikin bai kai minti biyu ba. Muka sake bidiyo, duhu ya zo.

Na tambaye shi ko sabon batir ɗina ya tsira. Ya ce ya ji rauni. Tun da wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro batir na darma da ruwan asid a 1859, halinsa bai canja ba: in wuta ta fita, wani farin gishiri yakan kwanta a jikin farantan darmar, in an yi caji ya narke ya koma ruwa. Amma in aka bar shi a kwance ba wuta, gishirin sai ya daskare ya ƙi narkewa, randar ta ƙanƙance. Batir ɗin mota kuwa an yi shi ne da farantai sirara don ya ba da wuta mai yawa cikin daƙiƙa kaɗan, ba don a tatse shi ƙarƙaf ba kamar na inbata, ga kuma zafin ƙasarmu da ke rage masa kwana. Nawa an tatse shi sau huɗu. Tsohon da na bayar a kan kuɗin gwangwan kuwa, a ganinsa, mai yiwuwa da sauran ƙarfinsa. Ya ce in zan yi doguwar tafiya in bar mota, in kwance kan baƙar waya. Ita ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe, kuma kada a kusanto da taba ko ashana, domin iskar da batir ke fitarwa tana kamawa.

Gyaran mota ya ƙare ran Alhamis. Zuwa wurin Baba kuwa sai da na kai Asabar ina jan ƙafa. Na so in same shi shi kaɗai da dare, amma uwargida ta ce a gaban mutane na yi, a gaban mutane zan warware. Da safe, matan gida na wanki, na je na durƙusa gaban bencinsa na ce, "Baba, na zalunce ka, ka yafe mini don Allah." Na nuna masa bidiyon. Ya kalla har sau biyu. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, ai na ga wannan hasken." Ya ce dare da yawa in ya kewaya da tocila ya kashe, yakan ga wani siririn haske kamar zare a gefen but ɗin, bai san ko haka motar take ba. Ran da na kira shi, abin da ya buɗe baki zai faɗa ke nan. Bayan haka kuwa ya ga duk abin da ya ce za a ɗauka kare kai ne, sai ya yi shiru. Zaman da aka gan shi ya yi a motar, ruwan sama ne ya tsare shi yana cikin goge kujeru. Rediyon da uwargida ke ji kuma na maigadin gidan da ke kallonmu ne.

Ya ce ya yafe duniya da lahira. Na miƙa masa mabuɗi, ya ce in rataye a ƙusar da ke bakin ɗakinsa, kowa na gani, in ana bukata ya ɗauka. Har yau a nan yake kwana, bai sake sa shi a aljihu ba. Na sayo masa sabuwar rediyo, ya karɓa ya yi godiya. Batir ɗin kuwa ya yi ta ja da ƙyar har watan azumin 2025, sa'an nan ya mutu ran wata Laraba, na sayi na uku.